Sanarwar Rasuwar Hamisu da Ba Ta Isa Gidan Rumji Ba

Shekara biyar ke nan cif da muka kai Hamisu makwancinsa a Gazawa, kuma a cikin shekarun nan biyar akwai mutum guda a Gidan Rumji da ya ƙi amsa sallamata saboda abin da na yi a ranar. Na so in buɗe da irin maganar da aka saba, in ce marigayi bai taɓa faɗa da kowa ba. To ƙarya zan yi. Hamisu ya yi faɗa da rabin garin nan, sauran rabin kuwa lokaci ne bai samu ba. Waɗanda suka san ni za su ce Laminu ya fara zuba gishirin nasa. Na yarda da halina: in na ga akuya uku a bakin hanya, kafin in kai gida sun zama garke har da makiyayi. Amma wannan magana ta hana ni zama wuri ɗaya tun da aka shiga kakar zaɓen bana, don haka ku yi haƙuri da ni, ku tsame gishirin ku ci sauran.

Hamisu makaho ne. Ƙyanda ta ɗauke masa ido tun yana ƙarami, aka kai shi lakol, makarantar boko ta makafi a birni, ya dawo da Faransanci a baki da sana'ar saƙar kujeru a hannu. Rumfarsa tana jingine da shagona, inda nake ɗaukar hoto, ina fotokofi, ina buga katin biki da na suna, in zaɓe ya zo kuma in buga afish, wato manyan takardun nan masu fuskar ɗan takara da ake mannawa a bango. Ni ina sayar wa mutane abin kallo, shi yana gefe yana jan igiyar roba yana yi mini dariya. Yakan ce ni da shi kasuwar Allah ce, mai sayar da madubi ya yi maƙwabtaka da wanda ba zai taɓa saye ba.

Wanda bai ga Hamisu a zamanin rediyo ba, bai ga Hamisu ba. Muna samari lokacin da aka yi babban taron ƙasa, aka fara maganar jam'iyyu da ƙuri'a, mutanen da ba su taɓa buɗe baki gaban jandarma ba suka fara gardama a bakin kasuwa. A lokacin duk labari ta kunne yake shigowa, a fagen kunne kuwa Hamisu ba shi da na biyu. Yana zaune gindin itacen bedi da rediyonsa rataye a wuya, yana juya Faransanci zuwa Hausa tun bai huce ba. Kafin mai magana ya faɗi sunansa ya gane shi daga tarinsa. Dattawa masu ido biyu tangaram sukan zo su tsuguna su ce, Hamisu, mi suka ce yau? Na rantse har jakunan da ke ɗaure kusa sun san bambancin firaminista da shugaban majalisa. Akwai karin maganar da ya tsana duk rayuwarsa, wai gani ya kori ji. Yakan ce wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa sayen kankana ba, don da ya taɓa, da ya san sai an ƙwanƙwasa an saurara.

Sai duniya ta juya, labari ya tashi daga kunne ya koma cikin tafin hannu. Da farko Hamisu ya fi kowa murna. Wani ɗan uwansa ya aiko masa da waya mai shafawa, aka kunna masa muryar da ke karanta abin da ke kan allo. Bafaranshe ne a ciki, mai sauri kamar an biyo shi da sanda. Idan Hamisu ya ja yatsa, Bafaranshen ya faɗa masa inda yake: ga saƙo, ga sunan mai aikowa, ga abin da ya rubuta. Hausa ma yana karantawa, da wani irin lanƙwasa harshe da in ka ji sai ka riƙe ciki, amma Hamisu yana ganewa sarai. Ranar da ya fara karanta saƙonsa da kansa, babu wanda ya roƙa, ya saƙa kujera guda ya ba ni kyauta. Ya ce daga yau ya sallame ni daga aikin karatu, don ni ko takardar likita aka ba ni sai na ƙara mata cuta biyu.

Murnar ba ta daɗe ba. Aka buɗe mana gurup a waya, zauren hira na ƴan Gazawa da abokan arziki, har da na Agye da na Gidan Rumji. Nan Hamisu ya gano iyakar Bafaranshen nasa: yana karanta rubutu, amma in aka aiko hoto ba ya cewa komai sai kalma guda, imaj, wato hoto. Hoton mene ne, oho. Mu kuwa mun kamu da wata ɗabi'a. Mutum zai rubuta sanarwa a takarda, ya ɗauke ta hoto, ya jefa a gurup. Gayyatar ɗaurin aure hoto, ranar taron iyayen yara hoto, farashin taki hoto, ɓatan tunkiya hoto. Hamisu yana zaune sai ka ji wayarsa tana imaj, imaj, imaj, kamar kwaɗon damina. Mu muna ta dariya ko muna ta Allah ya sanya alheri, shi bai san ko haihuwa aka yi ko gobara ba.

A nan ya fara faɗan da ya ci rabin gari. Ya kafa doka da bakinsa, ba wanda ya naɗa shi: duk wanda ya aiko hoto, ya rubuta a ƙasa abin da ke ciki, ko ya faɗa da murya. Wani malamin lakol ya ce to ai da sauƙi, kowa ya koma aiko vokal, saƙon murya, a huta. Hamisu ya ce a'a, ya manta da Isufu. Isufu makanikin babur ne a bakin tasha, kurma ne, ya yi lakol yana karatu sarai, amma vokal a wurinsa daidai yake da hoto a wurin Hamisu. Don haka dokar ta zama mai baki biyu: mai hoto ya yi bayani, mai murya ya rubuta layi biyu. Kowa ya karya, Hamisu zai bi shi da tambaya har sai ya gaji da ransa. Akwai wani alhaji mai sayar da gero da ya fita daga gurup sau bakwai, yana cewa shi bai shigo waya don a mayar da shi aji ɗaya ba. Hamisu ya ce masa, Alhaji, in ka yi baƙo a zaure kana miƙa masa fura ne, ko kana nuna masa ƙwarya daga nesa?

Ni ne babban mai laifi a gurup ɗin, ba sai an tona ba. Sana'ata ce. In na ƙawata kati da furanni da ruwan zinariya, sai in ga rubuta bayani a ƙasa kamar a ɗinka babbar riga ne a liƙa mata takarda a ce wannan riga ce. Kullum ina cewa na manta. Hamisu yakan ɗaga kai daga saƙarsa ya ce, “Laminu, ba mantuwa ka yi ba. Ka tuna da kowa ne, ni ka rage.”

Akwai ranar da ba na mantawa. Ana gab da zaɓen wancan karo, ya shigo shagona ya ce in buɗe masa wani shafin intanet a ordinata, wato kwamfuta, yana so ya bincika wani abu da ya shafe shi, amma da hannunsa zai yi, ni in zauna in yi shiru. Ya haɗa abin kunnensa, ya bi shafin a hankali, ya cika suna, ya cika gari. Sai ya cije. Shafin ya kawo wasu haruffa karkatattu cikin hoto, wai a kwafe su don a tabbatar mutum ne ke aiki ba inji ba. Babu inda za a latsa a ji su da kunne. Ya tambaye ni abin da aka ce, na faɗa masa. Sai ya ce, “Wato shekara arba'in da wani abu ina cin tuwo, ashe ban tabbata mutum ba sai ka gani mini.” Na yi dariya don na ɗauka raha ce. Na karanta masa haruffan, ya gama abinsa, ya fita bai ce sai an jima ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da nake kusa da shi kamar haƙori da harshe, sai bayan ransa na gane ba raha yake yi ba.

Yanzu bari in kawo mutumin Gidan Rumji. Malam Bawa sunansa, Bagobiri, shi ma makaho, mahaddacin Alƙur'ani. Tare suka koyi saƙa da Hamisu suna matasa, kuma tun daga nan ba su rabu ba, ko da yake tsakanin garuruwansu tafiyar rabin yini ce in mota ta ga dama. In suka haɗu sai gori. Bawa ya ce Hamisu ya san Faransanci bai san farillan alwala ba, Hamisu ya ce Bagobiri ko a aljanna sai ya nemi wanda za su yi rigima. Tsakaninsu akwai alkawari, kuma ni shaida ne, a rumfar nan aka ɗaura shi: in Hamisu ya riga, Bawa ne zai ja sallar gawarsa. In Bawa ya riga, Hamisu zai je ya tsaya a sahun gaba ya yi shiru, wanda a wurinsa ya fi jan sallah wuya. Hajara matar Hamisu ta sani, limamin unguwa ya sani. Bawa yana cikin gurup ɗinmu, da irin wayar Hamisu da irin Bafaranshensa.

Ana bikin duniya ake na ƙiyama. Hamisu ya kwanta kwana huɗu kacal, a tsakiyar yaƙin neman zaɓe, lokacin da injina ke aman afish ba dare ba rana, gurup kuma ya cika da fuskokin ƴan takara har wayar mutum tana nauyi a aljihu. Ya cika bayan sallar asuba. Hajara, cikin wannan hali, ta tuna da alkawarin. Ta roƙi liman a jinkirta har bayan azahar don Malam Bawa ya iso, ta aiko aka kira ni, ta ce, “Baban Zainabu, kai ne mai waya a hannu. Ka gaya wa Malam Bawa, ka gaya wa jama'a.”

Abin da na yi shi ne na koma shago na kulle ƙofa, ina kuka, na zauna gaban ordinata. Na ce abokina ba zai tafi da sanarwar da aka rubuta a tsaye ba. Na nemo hotonsa mafi kyau, wanda na ɗauke shi ranar sallah da farar hula. Na sa baƙin zane a gefe, na sa aya a sama da rubutun Larabci mai lanƙwasa, na rubuta sunansa da manyan haruffa, da lokacin jana'iza, da wurin. Tun da na fara sana'a ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, wannan kuma ba gishiri. Na jefa shi a gurup. Ban rubuta ko harafi guda a ƙasa ba. Nan da nan addu'o'i suka fara zubowa, yawanci da ƴan hotunan nan na hannuwa a ɗage da fuska mai hawaye. Na ga gari ya amsa, na ce aiki ya yi.

Da hantsi Hajara ta sake aikowa, ko Malam Bawa ya taso? Na ce a gaya mata na sa a gurup, duniya duk ta gani. Haka na ce, ta gani, kuma bakina bai yi nauyi ba.

Aka yi azahar, aka fito da gawa, aka tsaya ana duban hanya. A nan ne abin ya faɗo mini kamar an sako mini buhu a ka. Na zaro waya na kira Bawa, rezo ya ƙi, layi bai shiga ba, na sake, ya ƙi. Ko da ya shiga ma, me zan ce wa mutumin da ke bayan Maradi? Liman ya jira abin da zai iya jira, ya ce gawa ba ta jiran mai rai. Shi ya ja sallar. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Daga baya na ji yadda ranar ta kasance a Gidan Rumji. Bawa yana ƙofar gida yana saƙa, wayarsa tana ta imaj, imaj. Ya ɗauka ƴan siyasa ne suka sake sako fuskokinsu, ya kife ta ya ci gaba da aiki. Ya gaji da gurup ɗin a makon, bai bi ta kan sauran saƙonnin ba. Sai ranar kasuwa, kwana uku bayan haka, wani mai awon hatsi ya yi masa gaisuwa, ya ce ashe abokinka na Gazawa lokaci ya yi. A tsakiyar kasuwa ya ji, tsakanin buhunan gero.

Ya zo ranar sadakar bakwai. Ya yi wa Hajara ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo har dattawa suka share ido. Aka ce a raka shi makabarta, ya ce a'a. Aka tambaye shi dalili, ya ce da Gobirancinsa, “Manzon da anka aiko mani bai iso ba tukuna.” Na matso na durƙusa na ce Malam, ni ne Laminu, ka yafe mini. Ya juya kunne wajen jama'a ya ce, “Wa ka magana? Ku ce mai ya aiko hoto.” Ya ɗauki sandarsa. A ranar ya fita daga gurup, kuma daga ranar in na kira shi, da ya ji muryata sai ya kashe.

Na yi duk abin da Bahaushe ke yi in ya yi laifi. Na aika goro, ya raba wa maƙwabta. Na aika shadda, ya ba ladan. Na tura dattawa har kashi uku, ya karɓe su da fura da fara'a, suka dawo suna yaba kirkinsa, ba su kawo komai ba. In da ana auna ban haƙuri da tiya, na auna wa Malam Bawa abin da zai ciyar da garin Sae Sabuwa har kaka. Amsarsa guda ce kullum, manzo bai iso ba. Ni kuwa na ɗauka taurin kan Bagobiri ne kawai.

Bana ga wani zaɓen ya zo, wanda ake cewa farar hula zai miƙa wa farar hula mulki, kowa yana ta murna da fargaba a haɗe. Injina ya koma aman afish, ni kuma na kasa zama. Ina ta tambayar kaina, da Hamisu zai leƙo yau, me zai ce? Ina jin da farko zai yi murna, don an ce wayoyin yanzu wasu suna iya tsinto rubutu daga cikin hoto, har su ce ga mutum ga itace. Amma na gwada da katunan da nake bugawa, da furanninsu da haruffansu masu wutsiya, abin da wayar ta karanto ko aljani ba zai gane ba. Sannan zai ga abin da ya ƙaru. Ɗan takara zai yi bidiyo na rabin awa yana alkawarin kula da naƙasassu, babu layi guda a rubuce da Isufu zai karanta. Wani zai jera manufofinsa goma a hoto, ta bakwai ita ce taimakon makafi, makahon kuwa imaj zai ji. Shafukan da ake neman aiki ko takarda a cikinsu, yanzu ba haruffa karkatattu kaɗai ba, har cewa suke ka zaɓo duk inda ka ga mota a cikin hotuna tara. Ni mai ido biyu da tabarau na uku sai na faɗi sau biyu kafin a yarda ni mutum ne.

Na san abin da zai fi ci masa rai. A zamanin rediyo, ranar da aka ce kowa yana da ƙuri'a guda, shi da mai ido sun ji a lokaci ɗaya, daga baki ɗaya. Yau ana ta faɗaɗa zauren, kowa da wayarsa, kowa da bakinsa, amma an sa masa dokin ƙofar da wasu ba za su iya tsallakewa ba, kuma waɗanda suka sa shi ba mugaye ba ne. Irina ne. Mutane ne masu son abu ya yi kyau, masu sauri, waɗanda in ka tambaye su za su ce sun manta. Gyaran kuwa bai kai wahalar ɗaure akuya ba. Ka aiko hoto, rubuta abin da ke ciki. Ka aiko murya, sa layi biyu. In kai ke gina shafi, ka rufe idonka ka gwada shiga gidan da ka gina. Har jaridar nan da kuke karantawa ina roƙon masu ita, in za su sa wannan rubutu a intanet, su sa shi a rubutu, kada su ɗauki shafin hoto. In suka yi haka, wallahi Hamisu zai taso, kuma ni zai fara nema.

Makon jiya na je gaida Hajara, kamar yadda nake yi duk shekara in lokacin ya zagayo. Na sake kawo kukan Malam Bawa, na ce mutumin nan na yi masa komai. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, “Baban Zainabu, ni fa aike na ba ka. Ka taɓa zuwa ka gaya masa Hamisu ya rasu?”

Na buɗe baki in ce ai ya sani. Sai na rufe. Shekara biyar ina ba mutum haƙuri a kan saƙon da har yau ban isar ba.

Washegari na shiga mota. Agye, Cadawa, Maradi, na sauya wata zuwa Gidan Rumji. Na iske shi a ƙofar gida, ya tsufa, gemun ya yi fari fat, yana ɗaure ƙafar wata kujera. Na yi sallama, bai amsa ba. Ban durƙusa ba wannan karon, ban ce ya yafe ba. Na tsaya kamar yadda manzo ke tsayawa na ce, “Malam Bawa, Hajara matar Hamisu ta Gazawa ce ta aiko ni. Ta ce in gaya maka Allah ya yi wa Hamisu rasuwa bayan sallar asuba. Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Ta ce ana jiranka, kai za ka ja sallah.”

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, sau uku, kamar yanzu abin ya faru. Sannan ya amsa sallamar da na yi tun farko.

“Ƙarhe nawa ta aike ka?”

Na ce wajen bakwai na safe.

Ya shiga lissafin hanya da yatsu, yana motsa baki. Motar farko, jiran cika a Maradi, tsayawar Cadawa. Ya ce, “Da na iske ku ba ku yi sahu ba.” Na ce haka ne, Malam. Ya ce, “Kai da ganinka ba ka da hankali, ashe da jinka ma haka.” Na ce ai Malam ba ka taɓa ganina ba. Ya ce Hamisu ya ba shi labari, kuma Hamisu ba ya ƙari. Ya aika cikin gida a kawo masa babbar rigarsa.

A hanyar dawowa yana gefena, ni kuma ina ta auna abin da ya rage na Hamisu. Kujerunsa sun fara tsinkewa, igiyar roba ba ta shekara goma a rana. Rumfar wani mai cajin waya ya karɓa. Rediyon yana wurin Hajara, ba ya kamawa. Dokarsa a gurup tana nan da rai amma tana ɗingishi: wasu suna bi, wasu sai an yi musu magana, kuma masu yin maganar yanzu har da waɗanda ba su taɓa zama da shi ba, ba su ma san daga inda ta fito ba. Isufu ne ya fi kowa zafi a kai, shi da ba ya jin vokal shi ke tsawata wa masu hoto saboda makafi. Ban san ko wannan ya isa a kira shi gado ba. Na dai san mutumin ya ƙi yarda a yi magana a gabansa kamar ba ya nan, kuma ya koya wa ƴan tsirarun mutane jin kunyar yin haka. Ni ya koya mini a makare, da tsada, kuma ba ni na biya ba.

Mun isa Gazawa bayan la'asar. Bai yarda mu biya gida ba, ya ce makabarta tukuna. Na riƙe masa hannu muka bi tsakanin kaburbura har na kai shi. Ya ce in nuna masa wajen kai, na ɗora tafinsa a kan ƙasar. Ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, ina amin. Allah ya jiƙan Hamisu, ya haskaka masa inda yake kwance. Da ya shafa, bai tashi ba. Ya ɗan sunkuya, ya rage murya kamar mai ba da uzuri ga wanda ya daɗe yana jira a tasha.

“Hamisu, ga ni. Yau anka gaya mani.”